Amsoshin Tambayoyinku: Jiragen Leƙen Asiri Masu Sauka a Kan Ruwa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Barkanmu da warhaka, barkanmu kuma da sake haɗuwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da muka zaɓo yau duk a kan abu ɗaya suke, wato jiragen saman farko-farko da sojojin ruwa suka riƙa aikawa leƙen asiri, masu tashi daga kan ruwa su dawo su sauka a kan ruwa. Sai a gyara zama.

Wasiƙar farko daga Yawuri ta fito, a jihar Kebbi, daga wani bawan Allah da ya ce sana'arsa gyaran injin kwale-kwale ce a bakin Kwara. Ya ce: "Na ga hoton wani tsohon jirgin sama yana zaune a kan ruwa, ba taya ko ɗaya. Da gaske yana tashi? Wa ya fara ƙera shi, kuma me ya sa soja suka bar tudu suka koma ruwa?"

To Malam, da gaske ne, kuma abin bai yi nisa da sana'arka ba, domin rabinsa kwale-kwale ne. Wanda ya fara tashi da irinsa wani Bafaranshe ne, Henri Fabre, ranar 28 ga Maris 1910, a tafkin Berre kusa da birnin Marseille. Tafiyar ba ta wuce rabin kilomita ba, amma daga ruwa ya tashi, a ruwa ya sauka lafiya lau, alhali kafin wannan rana bai taɓa tuƙa jirgin sama ba. Bayan wata goma, a Janairun 1911, Glenn Curtiss na Amurka ya tashi da nasa a San Diego. Shi Curtiss ɗan kasuwa ne, ya san inda masu saye suke. A Fabrairun wannan shekara ya je ya sauka a gefen wani jirgin yaƙin Amurka mai suna Pennsylvania, ma'aikatan jirgin suka sako ƙugiya suka ɗauke shi zuwa ciki, bayan ɗan lokaci suka mayar da shi kan ruwa, ya tayar da inji ya koma gida. Abin da ya je nuna wa manyan hafsoshi ke nan, cewa ba sai sun sake fasalin jiragensu ba, ƙugiyar ɗaga kaya ta wadatar. Shekarar ba ta ƙare ba sai da rundunar ruwan Amurka ta sayi jirgin samanta na farko a hannunsa.

Iri biyu ne. Akwai wanda jirgin sama ne sak, aka cire masa tayoyi aka ɗaura masa dogayen akwatunan katako marasa nauyi, cikinsu iska, su ke riƙe shi a saman ruwa kamar yadda gora ke riƙe masunci a Argungu. Akwai kuma wanda gangar jikinsa duka kwale-kwale ce, aka yi mata fukafukai, aka ɗora inji can sama don kada ruwa ya taɓa farfela. Duka biyun katako ne da yadi da waya da gam.

Dalilin komawa ruwa kuwa, a lokacin filayen saukar jirage ba su samu ba tukuna. Ko a Kano, da jiragen sama suka fara zuwa a 1925, a filin sukuwa suka sauka. Ga shi injin wancan zamani ba shi da tabbas, yana iya mutuwa ana tsakiyar tafiya, kuma mai taya in injinsa ya mutu a tsakiyar teku, sai dai a yi masa addu'a. Saman jirgin yaƙi ma cike yake da manyan bindigogi da bututun hayaƙi, ba wurin gudu balle na sauka.

Amma babban dalili shi ne ido. Mutumin da ya hau ƙololuwar jirgin yaƙi, a ce mita 30 daga fuskar ruwa, ganinsa kan tsaya a wajen kilomita 20, domin duniya a dunƙule take. Wanda ya hau sama mita 1,000, in gari ya yi garau, yana hango fiye da kilomita 100. Kwamandan da a da sai ya tura jiragen ruwa masu sauri sun yini suna ƙona kwal kafin ya san inda abokin gaba yake, yanzu mutum biyu a cikin kejin katako za su leƙo masa cikin sa'a biyu. Shi ya sa Faransa ta gyara jirgin ruwanta Foudre ya zama na dakon irin waɗannan jirage tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila kuma da yaƙi ya ɓarke a Agustan 1914 ta karɓe jiragen fiton da ke kai fasinja Faransa, irin su Engadine da Riviera da Empress, ta gina musu rumfunan ajiye jirage.

Kai da ka san ruwa, Malam, za ka gane wahalar abin. Dole uwar jirgin ta tsaya cik kafin a sauke ɗan, ta sake tsayawa kafin a ɗauke shi, kuma jirgin da ya tsaya a teku lokacin yaƙi nama ne ga jirgin ƙarƙashin ruwa. In igiyar ruwa ta yi ƙarfi, akwatunan su farfashe. In ruwan ya kwanta luf ba ko motsi, sai ya riƙe su ƙam, matuƙi ya yi ta gudu a banza jirgi ya ƙi rabuwa da ruwa, har sai ya zagaya ya tayar da 'yar igiya da kansa ya bi ta kanta.

Sai wani ɗalibi daga Damagaram, a Jamhuriyar Nijar, da ke tambaya a taƙaice: "A wane yaƙi aka fara amfani da su?"

Ɗalibi, a yaƙin Balkan ne, tsakanin Girka da Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Ranar 5 ga Fabrairun 1913, wasu Girkawa biyu, Michael Moutoussis yana tuƙi, Aristeidis Moraitinis yana leƙe, suka tashi daga tsibirin Lemnos suka bi ta saman mashigin Dardanelles, inda jiragen yaƙin Turkawa suka fake a Nagara. Moraitinis ya zana inda kowane jirgi yake a takarda, suka jefa ƙananan bama-bamai 4 da ba su sami kowa ba. A hanyar dawowa inji ya mutu, suka sauka a teku, wani jirgin yaƙinsu mai suna Velos ya janyo su da igiya. Bama-baman ba su tsinana komai ba, takardar nan ita ce ribar tafiyar, kuma haka lamarin ya ci gaba da kasancewa shekaru da dama.

A Afrilun 1914 Amurkawa sun yi amfani da nasu a Veracruz ta Meziko wajen duba ko an dasa nakiyoyi a tashar jiragen ruwa. A Satumban wannan shekara kuma Japan ta kawo jirgin dako mai suna Wakamiya da jirage 4 ƙirar Farman, tana leƙa sansanin Jamusawa na Tsingtao a gaɓar ƙasar Sin, har garin ya faɗi a Nuwamba.

Wasiƙa ta uku ita ce za mu daɗe a kanta. Wani dattijo ne daga Zangon Kumasi a Gana, jikarsa ta rubuta masa. Ya ce: "Kakana yana cikin sojan da Turawa suka kwashe zuwa Gabashin Afirka a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mun taso muna jin labarin wata babbar igwa ta Jamus da aka ce daga cikin jirgin ruwa aka ciro ta, kuma wai jirgin sama ne ya tona asirin wannan jirgi. Akwai gaskiya a ciki?"

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Kunne ya girmi kaka, abin da aka faɗa muku gaskiya ne. Sunan jirgin Königsberg, kyaftin ɗinsa Max Looff, kuma mazauninsa Darussalam, a ƙasar da a yau ake kira Tanzaniya, wadda a lokacin ke hannun Jamus. Ranar 20 ga Satumban 1914 da asuba ya shiga tashar Zanzibar ya nutsar da jirgin yaƙin Ingila mai suna Pegasus, sannan ya yi layar zana. Injinsa na buƙatar gyara, sai Looff ya kutsa da shi cikin bakin kogin Rufiji, wurin da kogin ya rarrabu hannu-hannu kafin ya faɗa teku, ga laka, ga sauro, ga dazuzzukan itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Suka ɗaura rassa a dogayen sandunansa har ya saje da daji. A ƙarshen Oktoba Ingilishi suka gano yana ciki, amma manyan jiragensu ba sa iya shiga ruwa mara zurfi, kuma ba su san takamaiman inda ya maƙale ba. Sun tsare ƙofa, ba sa ganin wanda ke ɗaki.

Nan aka tuna da wani farar hula a Durban ta Afirka ta Kudu, Dennis Cutler, wanda ke tashi da wani jirgin Curtiss mai jikin kwale-kwale yana nuna wa 'yan kallo. Aka ba shi muƙamin soja, aka loda shi da jirginsa a jirgin ruwa zuwa wani ɗan tsibiri kusa da bakin kogin. Tashinsa na farko, ranar 19 ga Nuwamba, ba shi da kamfas, ya shiga gajimare ya ɓata, sai a wani tsibiri daban aka tsinto shi. Lagireton jirgin ya lalace, ba inda za a samo wani a duk gaɓar nan, sai aka ciro na wata motar Ford aka ɗaura masa. Bayan kwana uku ya sake tashi, ya ga Königsberg da idonsa, can ciki, nesa da inda hafsoshi suka zata. Da ya dawo ya faɗa, ba su gaskata shi ba, sai da ya ɗauki wani hafsa a wata tafiyar ya nuna masa. A watan Disamba injinsa ya mutu a bakin kogin, ya sauka a gaban sojan Jamus, suka kama shi.

A Fabrairun 1915 aka kawo jirage biyu ƙirar Sopwith daga Ingila ƙarƙashin wani matuƙi, John Cull. An ƙera su don sanyin Turai, da suka sha zafi da gumin Rufiji sai gam ya riƙa narkewa, katakon farfela yana lanƙwashewa, inji ya rasa ƙarfi. Har ta kai ba sa rabuwa da ruwa sai an sauke bam, an sauke mai leƙe, an rage mai. A Afrilu aka kawo wasu tsofaffi ƙirar Short, su ma da ƙyar suke ɗagawa sama, bindigar hannu ma tana cim musu. Duk da haka da ɗayansu aka ɗauko hoton Königsberg a maɓoyarsa. Ni dai duk lokacin da na tuna waɗannan mutane, da suka san jirginsu na warwarewa a ƙarƙashinsu, suka san akwai kada a kogin da ke ƙasa, suka kuma tashi, sai in ji girmansu ya kama ni, ko ba ruwana da sarautar da suke yi wa yaƙi.

Da aka tabbatar da wurin, sai aka janyo wasu jirage biyu masu faɗin gindi tun daga Malta, Severn da Mersey, waɗanda asali an ƙera su ne don kogunan Burazil. Su suna iya shiga ruwa mara zurfi, amma ba sa ganin abin da suke harbi, daji ya tare. Saboda haka jirgin sama ke shawagi yana aiko musu da saƙo: kun wuce, kun gaza, ku karkata dama. A wannan mataki, Baba, gaskiyar magana jirage masu taya ne suka yi aikin, daga filin da aka share a tsibirin Mafia, domin masu sauka a ruwan sun gaji. Ranar 6 ga Yulin 1915 aka harba harsashi fiye da 600, waɗanda suka same shi ba su kai goma ba. Ranar 11 ga wata aka dawo an gyara tsarin saƙo. Jamusawa suka harbi injin jirgin Cull, yana gangarowa zai faɗa kogi, mai leƙensa Arnold bai daina buga saƙo ba, yana gaya wa masu igwa sun samu, su ci gaba. Suka faɗa ruwa kusa da Mersey aka tsamo su da rai. Kafin la'asar Königsberg na ci da wuta, Looff ya ba da umarni a fasa shi.

To amma tsugune ba ta ƙare ba, kuma nan labarin ya zo kan kakanka. Jamusawa sun ciro manyan bindigoginsa guda 10, masu bakin santimita 10.5, suka yi musu ƙafafu, ɗaruruwan 'yan dako Afirkawa suna jan su cikin daji a rundunar kwamandansu Lettow-Vorbeck. Sojan Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Hausawa da yawa a cikinsu, sun isa Gabashin Afirka a Yulin 1916, kuma a Disamban wannan shekara sun sha ruwan wuta a tsaunukan Kibata, inda Jamusawa suka kafa irin wannan igwa. Sojan Nijeriya sun sauka Darussalam a Disamban 1916, suka yi damina a bakin wannan kogi na Rufiji cikin yunwa mai tsanani, sannan suka yi asarar mutane da yawa a Mahiwa a Oktoban 1917. Har yau akwai ɗaya daga bindigogin a gaban ganuwar Fort Jesus a Mombasa, ɗaya a Pretoria, ɗaya a Jinja ta Uganda. In Allah ya kai wani jikanka can, ya je ya ga abin da kakansa ya fuskanta.

Ba a Rufiji kaɗai suka yi aiki a wannan yanki namu ba. A Janairun 1915, da rundunar Turkawa ta ratso hamadar Sinai za ta far wa mashigin Suwez, jiragen Faransa ƙirar Nieuport masu sauka a ruwa ne suka riƙa shiga can cikin hamada suna ƙirga raƙuma da tantuna, Bafaranshe na tuƙi, Bature ɗan Ingila na leƙe. Ka tuna ba su da taya, in inji ya mutu a saman rairayi ba wurin sauka. Da harin ya zo ranar 3 ga Fabrairu, an riga an shirya masa. A tafkin Tanganyika kuma sojan Beljiyam daga Kwango sun kai wa jirgin Jamus Graf von Goetzen hari da irin waɗannan jirage a Kigoma a 1916, jirgin da daga baya aka tsamo aka sa masa suna Liemba ya koma jigilar fasinja. Alhazanmu ma su sani, a Yunin 1916, lokacin da Sharif Husaini na Makka ya yi wa Turkawa tawaye, jirgin dakon Ingila Ben-my-Chree ya tsaya a gaɓar Jidda ya saki jiragensa a kan sansanin Turkawa, washegari, 16 ga wata, sansanin ya miƙa wuya.

Sai tambayar wata malamar makaranta daga unguwar Fagge a Kano. Ta ce: "Tunda babu wayar hannu a lokacin, in matuƙi ya hango abokan gaba, ta yaya yake sanar da mutanensa?"

Malama, kin taɓo inda ke yi wa abin ƙaiƙayi. Hangowa ba ta kai isar da labari wuya ba. Da farko sai dai a dawo a faɗa da baki. Daga baya aka sa musu na'urar tangaraho mara waya, mai leƙe ya warware doguwar waya mai dalma a baki ta riƙa reto a ƙarƙashin jirgi, yana buga saƙo ɗigo da ja da yatsa, iska na dukan fuskarsa, taswira a cinya. Yawancin na'urorin aikawa kawai suke, ba sa karɓa, don haka bai san ko an ji shi ba. In ya manta bai naɗe wayar ba kafin sauka, ruwa ya tsinke ta. Akwai kuma fitila, akwai jefa takarda a jakar yashi. Jirgin Jamus mai farautar jiragen kasuwa, Wolf, wanda ya yi wata 15 a teku daga ƙarshen 1916 zuwa Fabrairun 1918, yana ɗauke da ɗan jirgin samansa guda mai sauka a ruwa. A Yunin 1917, arewa da New Zealand, ɗan jirgin ya jefa wa wani jirgin kaya mai suna Wairuna jakar yashi da takarda a ciki, cewa kada ya taɓa tangarahonsa, ya juya ya nufi Wolf, sannan ya saki bam a gabansa don ya san ba wasa ba ne. Kyaftin ya bi umarni.

Abin da ya fi ceton rai kuwa tantabara ce. Jiragen sintiri na Ingila kan tafi da su a kwando. A Satumban 1917 wani jirgi daga Yarmouth ya sauka a Tekun Arewa don ya tsamo wasu matuƙa biyu da suka faɗa ruwa, nauyi da igiyar ruwa suka hana shi sake tashi. Mutum shida suka kwana uku suna kwarfar ruwa daga cikinsa. Sun saki tantabarunsu guda 4. Ɗaya ta kai gaɓa ta faɗi matacciya don gajiya, aka tsince ta da takarda a ƙafa, da wannan takarda aka gano inda za a neme su, aka same su da rai.

Amma in kina son ki ga yadda labari kan mutu a hanya, dubi yaƙin Jutland, ranar 31 ga Mayun 1916, karo mafi girma tsakanin rundunonin ruwan Ingila da Jamus, jirage kusan 250. A duk wannan taro jirgin sama ɗaya tak ya tashi. Babban jirgin dakon Ingila, Campania, bai sami saƙon tashi daga tasha a kan lokaci ba, ya fito a makare, aka ce ya koma. Saura Engadine. Aka umarce shi ya leƙa, ya tsaya, aka buɗe rumfa, aka miƙe fukafukan wani jirgi ƙirar Short 184, aka sauke shi ruwa, abin ya ci fiye da minti 20. Frederick Rutland na tuƙi, George Trewin na leƙe, suka tashi da ƙarfe 3 da minti 8 na yamma. Gajimare ya sauko ƙasa, dole suka bi ta ƙarƙashinsa, suka matsa kusa har Jamusawa na harbinsu. Trewin ya ƙirga jiragen, ya ga sun juya sun nufi kudu, wanda shi ne labarin da kwamandan Ingila Beatty ya fi buƙata a wannan sa'a, domin janyo shi suke zuwa bakin babbar rundunarsu. Ya buga saƙo, Engadine ya karɓa. Engadine ya yi ta haska fitila yana neman miƙa wa jirgin kwamanda, ba wanda ya amsa. Can bututun mai ya fashe, Rutland ya sauka a teku, ya ɗaure shi da guntun tiyo, ya ce a shirye yake ya koma, aka ce ya dawo a ɗauke shi. Mutum biyu sun sa ransu a tafin hannu, sun gani, sun faɗa daidai, labarin ya tsaya a tsakanin jirgi da jirgi. Ingila ta rasa mutum fiye da 6,000 a wannan yaƙi, Jamus fiye da 2,500. Gaban wannan jirgi na Rutland yana nan a gidan tarihin sojan ruwa da ke Yeovilton a Ingila.

Wani matashi daga Garwa a Kamaru yana so ya san ko leƙe kawai suke yi, ko suna faɗa.

Suna yi, samari, sai dai ba nan ƙarfinsu yake ba. A Agustan 1915 Charles Edmonds ya tashi daga Ben-my-Chree ya saki nakiya mai gudu a ruwa kan wani jirgin Turkawa, karo na farko da aka yi haka daga sama, amma don jirgin ya iya ɗaga nauyinta sai da aka bar mai leƙe a gida. Inda suka fi amfani shi ne farautar jiragen ƙarƙashin ruwa, domin daga sama ana hango inuwarsu in ruwa na da haske, kuma ko ba a jefa komai ba, ganin jirgin sama kan tilasta musu nutsewa, su rasa saurinsu, jiragen kaya su wuce. Ranar 15 ga Satumban 1916, a tekun Adriatic, jirage biyu na Ostiriya ƙirar Lohner suka hango jirgin ƙarƙashin ruwan Faransa mai suna Foucault, suka jefa masa bam, ya taso da ƙyar, mutanensa suka fice ya nutse. Sai matuƙan nan suka sauka a kan ruwa, Faransawa 29 suka rirriƙe jikin jiragen har wani jirgin ruwa ya zo ya kwashe su, ba wanda ya mutu. Jirgi mai taya ba zai iya wannan ba ko matuƙinsa ya so.

Tambayar ƙarshe daga wani direban babbar mota ce a Abeche ta ƙasar Cadi, wanda ya ce kullum yana kama mu a hanya. Ya ce: "In suna da amfani haka, ina suka shiga?"

Direba, Allah ya tsare hanya. Akwatunan da ke riƙe su a ruwa su ne kuma ke danne su a sama, ga nauyi ga tare iska, don haka mai taya ya fi su sauri da juyi. Da zarar an sami hanyar saukar da mai taya a kan jirgin ruwa, kasuwarsu ta fara ja baya. Edwin Dunning ya yi hakan a kan jirgin Furious yana cikin tafiya ranar 2 ga Agustan 1917, bayan kwana biyar ya sake gwadawa ya faɗa teku ya rasu. A 1918 Ingila ta fito da Argus, wanda samansa shimfiɗe yake daga gaba har baya.

Duk da haka sun ƙara shekara kusan talatin suna aiki, saboda an ƙirƙiro na'urar da ke cilla su sama daga kan jirgin yaƙi ba sai ya tsaya ba, wadda Amurka ta gwada tun a Nuwamban 1915. A Yaƙin Duniya na Biyu da wuya ka ga babban jirgin yaƙi ba ɗaya ko biyu a bayansa. Manyansu kuma, irin su Sunderland da Catalina, sun yi sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma daga Firitawun da Banjul da Apapa ta Legas, suna raka jiragen kaya saboda jiragen ƙarƙashin ruwan Jamus. Yaƙin nan ne ya cika duniya da dogayen filayen jirgi na kankare, ya kawo na'urar rada mai gani cikin dare da hazo, ga kuma jirgi mai saukar ungulu da ke sauka a bayan jirgin ruwa ba ruwansa da igiyar teku. Kafin 1950 rundunar ruwan Amurka ta sauke na kan jiragen yaƙinta. A yau leƙen ya koma hannun tauraron ɗan'adam da jirage marasa matuƙa. Waɗanda suka rage masu sauka a ruwa, sojan ruwan Japan na ceton mutane da su a tsakiyar teku, Kanada da ƙasashen Bahar Rum kuma na ɗibar ruwa da su daga tafki suna kashe gobarar daji.

Nan lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun suna nan a ajiye sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.